Sauya Tsarin Talabijin Daga Analog Zuwa Dijital: Abin da Ya Kamata Kowane Maigida Ya Sani

Dattawan ƙasar nan ba su manta da ranar 2 ga Afrilu, 1972 ba, ranar da motoci suka bar hannun hagu suka koma hannun dama. Haka nan ba su manta da ranar 1 ga Janairu, 1973 ba, sa'ad da aka ajiye fam da sule aka ɗauki naira da kwabo. Kafin kowace ɗaya daga cikin waɗannan ranaku biyu sai da aka yi watanni ana shela a rediyo da jaridu da kasuwanni, domin kada ranar ta riski kowa bagatatan. Wanda ya saurara ya shirya bai sha wahala ba. Wanda ya yi kunnen ƙashi kuwa, shi ne ya tsaya a bakin titi yana duban inda mota ba za ta fito ba.

To, akwai wani canji irin waɗannan da ya shafi kowane gida mai akwatin talabijin, watau sauya hanyar watsa shirye-shirye daga tsohon tsari da ake kira analog zuwa sabon tsari da ake kira dijital. Amma shi wannan ya bambanta da na baya ta fuska biyu. Ba ya zuwa rana ɗaya a ƙasa baki ɗaya, sai dai yanki bayan yanki. Kuma ba ya nuna kansa a titi ko a kasuwa. Maigida yana zaune da iyalinsa, ya kunna talabijin domin jin labarun ƙarfe tara na dare, sai ya tarar babu kome a gilashin sai ɗige-ɗige fari da baƙi kamar yayyafi. Zai ɗauka akwatinsa ne ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau. An shirya wannan ƙasida ne domin kada hakan ta sami kowa, kuma domin kada wani ya yi asarar kuɗinsa wajen sayen abin da ba ya bukata.

Mene Ne Bambancin Tsarin Biyu?

An fara watsa shirye-shiryen talabijin a Nijeriya ranar 31 ga Oktoba, 1959, a Ibadan. Inugu ta biyo baya a 1960, Kaduna da Legas kuma a 1962. Duk hotunan wancan zamani baƙi da fari ne, sai a 1975 gidan talabijin na Binuwai da Filato da ke Jos ya soma watsa hoto mai launi. Abin lura a nan shi ne, da launi ya zo, mai tsohon akwati bai rasa kome ba. Ya ci gaba da kallon shirinsa baƙi da fari, maƙwabcinsa mai sabon akwati yana kallon shirin nan da launi. Dalili kuwa shi ne hanyar aika hoton ba ta sake ba, ado kawai aka ƙara mata. Canjin da ake magana a kansa yanzu ba haka yake ba. Harshen da tasha take yi wa akwati magana da shi ne ya sake gaba ɗaya.

A tsarin analog, tasha tana aika hotuna 25 cikin kowace daƙiƙa, kowane hoto kuma an yanka shi layi-layi har 625. Hasken hoton da duhunsa da launinsa duka suna tafiya ne a matsayin hawa da saukar saƙon da ke ratsa iska. Ana iya kwatanta wannan da mutumin da ya tsaya a gonarsa yana kiran ɗan'uwansa a wata gona. Na kusa zai ji shi sarai. Na nesa zai ji muryar sama-sama, iska ta cakuɗa ta da kukan tsuntsaye da haushin kare. Shi ya sa mutanen bayan gari suke ganin hoto da yayyafi. Shi ya sa kuma a gari mai duwatsu ko dogayen benaye ake ganin mai karanta labarai da inuwarsa a gefensa, domin saƙon ya iso sau biyu, ɗaya kai tsaye, ɗaya kuma bayan ya bugi dutse ya dawo.

A tsarin dijital kuwa, kafin a aika hoto da murya sai an mayar da su lambobi, sifili da ɗaya kawai, jere da jere. Wannan ya fi kama da rubutacciyar wasiƙa. Ko takardar ta yi ƙura a hanya, ko ta ɗan yamutse, muddin ana iya gane baƙaƙen, saƙon da mai karatu zai samu daidai yake da wanda aka rubuta, ba ragi ba ƙari. Har ma ana haɗa lambobin da wasu na gyaran kuskure, yadda idan kaɗan sun ɓace a hanya na'urar da ke gida za ta cike gurbinsu da kanta. Ban da haka, ana matse saƙon ƙwarai. Alal misali, idan mai karanta labarai yana zaune a gaban bango, bangon nan ba ya motsi, saboda haka babu dalilin a riƙa aika shi sau 25 a daƙiƙa. Sai a aika shi sau ɗaya, sa'an nan a riƙa aika abin da ya canza kawai, kamar motsin baki da na hannu.

Wannan matsewa ita ce tushen duk wata riba ta sabon tsari. A da, kowace tasha tana cinye zango guda cif a sararin iska, ta kuma gina hasumiyarta, ta sayi na'urar watsawarta, ta riƙa zuba wa janaretanta man gas. Kamar dai a ce kowane ɗan kasuwa ya ɗauki shatar babbar mota don buhu guda. A tsarin da Nijeriya ta zaɓa, wanda ake kira DVB-T2, zangon nan guda yana iya ɗaukar tashoshi goma sha biyar zuwa ashirin masu hoto madaidaici. Saboda haka aka raba aikin gida biyu: gidajen talabijin su tsaya ga shirya shirye-shirye, wasu kamfanoni masu lasisi kuma su ɗauki nauyin dakon su zuwa gidajen jama'a.

Dalilin da Ya Sa Canjin Ya Zama Tilas

Sararin iskan da rediyo da talabijin da wayar hannu suke bi dukiya ce mai iyaka, kuma ba ta san kan iyakar ƙasa ba. Saƙon da aka watsa daga Sakkwato ko Maiduguri ko Legas ba ya tsayawa a shingen kwastan. Don haka ƙasashe suke zama su raba zanguna a tsakaninsu, ƙarƙashin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, watau ITU, wadda take reshe ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A taron da aka yi a Jeniba cikin Yuni, 2006, ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka ƙulla yarjejeniya cewa za a gama ƙaura zuwa dijital ranar 17 ga Yuni, 2015 a rukunin zangunan UHF, aka kuma ɗaga wa wasu ƙasashe ƙafa zuwa 2020 a rukunin VHF. Ma'anar wa'adin ita ce, bayan ya wuce, tashar analog ba ta da sauran kariya. In tashar dijital ta maƙwabciyar ƙasa ta danne ta, ba ta da inda za ta kai ƙara.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya shafi har mutumin da bai taɓa mallakar talabijin ba. Idan tashoshi suka matsu wuri ɗaya, zangunan da ke tsakanin megahaz 694 da 862 za su zama fili, a ba masu wayar hannu su kai intanet da su. Waɗannan zanguna suna da daraja domin saƙonsu yana cin dogon zango, yana kuma ratsa bango, ta yadda hasumiya ɗaya za ta wadatar da ƙauyuka da dama.

Inda Aka Kwana

Ba abin ɓoyewa ba ne cewa aikin ya yi jinkiri. Nijeriya ta fara sa wa kanta wa'adin 17 ga Yuni, 2012, ba a cim masa ba. Na 2015 ya zo ya wuce, haka ma na Yuni, 2017. Ƙarancin kuɗi da shari'o'i da tsadar akwatunan da za a sa a gidaje duka sun taka rawa. Illar wannan ɗage-ɗage ita ce mutane da yawa sun daina ɗaukar maganar da muhimmanci, suna cewa an saba faɗa. Suna da hujja, amma hujjar ba za ta dawo wa kowa da hoto ba ranar da aka kashe na'urar analog ta garinsa.

Duk da haka an yi tafiya. Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa, watau NBC, wadda aka kafa a 1992, ita ce take jan ragamar aikin. Ranar 30 ga Afrilu, 2016 aka ƙaddamar da gwajin farko a Jos, garin da ya fara ganin hoto mai launi shekara arba'in da ɗaya kafin nan, da tashoshi 15 a ƙarƙashin sunan FreeTV. Abuja ta biyo baya a Disamba, 2016 da tashoshi 30. Ilori da Kaduna suka samu a Disamba, 2017, Inugu da Oshogbo a Fabrairu, 2018, Legas a Afrilu, 2021, Kano kuma a Nuwamba ta wannan shekarar. Watau zuwa ƙarshen 2021 jihohi bakwai ne da Babban Birnin Tarayya aka ƙaddamar. A 2025 kuma Hukumar NBC da kamfanin NIGCOMSAT na Gwamnatin Tarayya suka bayyana sabon shiri wanda ya dogara ƙwarai ga tauraron ɗan'adam, domin a kai shirye-shirye wuraren da hasumiyar ƙasa ba ta kai ba.

Ya kamata a rarrabe abu biyu. Ƙaddamar da dijital a gari daban, kashe analog daban. Bayan bikin ƙaddamarwa a garuruwan da aka ambata, an bar tashoshin analog suna ci gaba da aiki, tsoho da sabo suna tafiya tare. Wannan tazara an yi ta ne musamman domin jama'a su kintsa. Abin da ya faru a wasu ƙasashe ya nuna amfaninta. Tanzaniya ta kashe analog a Darussalam ranar 31 ga Disamba, 2012, gidaje masu yawa suka wayi garin sabuwar shekara ba su da abin kallo saboda ba su tanadi akwati ba. A Kenya kuma, cikin Fabrairu, 2015, saɓani tsakanin hukuma da manyan gidajen talabijin ya sa tashoshi huɗu suka ɓace daga iska kusan mako uku. Masu magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsohon Talabijin Bai Mutu Ba

Wannan ita ce magana mafi muhimmanci a cikin ƙasidar nan, kuma ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Babu wanda aka ce ya jefar da talabijin ɗinsa. Akwati mai ƙaton baya da aka saya tun shekaru ashirin da suka wuce zai ci gaba da aiki muddin gilashinsa da lasifikarsa suna da lafiya. Abin da ya rasa tafinta ne kawai, wanda zai karɓi lambobin nan ya mayar da su hoto da murya irin waɗanda ya saba da su. Tafintan nan shi ne ɗan ƙaramin akwatin da jama'a suke kira dikoda.

Haɗa ta ba ya bukatar injiniya. Wayar eriya da a da take shiga bayan talabijin, yanzu sai ta shiga bayan dikoda. Daga dikoda kuma sai a ja waya zuwa talabijin. Ga tsofaffin akwatuna, waya ce mai kai uku: rawaya na hoto, fari da ja na murya, kowane kai ya shiga rami mai launinsa. Ga sababbi masu faɗin gilashi, waya guda ce da ake kira HDMI, ita ce kuma ta fi ba da tsabtataccen hoto. Akwai tsofaffin akwatuna ƙwarai waɗanda ba su da wani rami sai na eriya. Mai irin wannan ya tabbatar dikodar da zai saya tana da mafita da aka rubuta RF OUT a jikinta, in ba haka ba zai koma gida da abin da ba shi da inda zai soka shi. Da an gama haɗawa, sai a sa talabijin a kan AV ko HDMI a bar shi a nan. Daga ranar, da rimot ɗin dikoda ake canza tasha. Na talabijin ba shi da sauran aiki sai kunnawa da kashewa da daidaita ƙara.

Kafin a fitar da ko kwabo, tambayar farko da maigida zai yi ita ce: ta wace hanya shirye-shiryen suke isowa unguwarsa, ta hasumiyar ƙasa ko ta tauraron ɗan'adam? Domin dikodar eriya daban, dikodar kwanon satalayit daban. Ta farko ana rubuta DVB-T2 a kwalinta, ta biyu DVB-S2. Ɗaya ba ta yin aikin ɗaya, sai dai irin wadda aka ƙera da baki biyu. Mutumin ƙauye da ke nesa da kowace hasumiya, in ya sayi ta eriya don ya ga ɗan'uwansa na birni da ita, ya yi asara.

Akwai kuma wani ruɗu game da talabijin mai faɗin gilashi. Mutane da yawa suna ɗauka duk sirantaccen akwati na dijital ne. Ba haka ba ne. Sirantaka siffar gilashi ce kawai, haka ma alamar HD magana ce a kan kyan hoton da gilashin zai iya nunawa. Abin dubawa shi ne ko an rubuta DVB-T2 a kwali ko a takardar bayani. A nan ne masu sayen kayan hannu, 'yan kwatano, suke shiga uku. Akwatin da aka yi wa kasuwar Amurka yana bin wani tsari dabam mai suna ATSC, ba zai taɓa kama tashar Nijeriya ta eriya ba. Na Turai da aka ƙera kafin wajen 2010 yawanci DVB-T ne, ba shi da lamba 2 ɗin nan, kuma ita ce ta raba su. Irin waɗannan duka suna amfanuwa in an haɗa su da dikoda, amma kada wani ya biya tsada a kansu bisa alkawarin cewa ba sa bukatarta. Ko wanda akwatinsa yake da DVB-T2 ɗin ma ya yi tambaya tukuna, domin a tsarin FreeTV da aka fara a 2016 an shirya cewa sai an yi wa dikoda rajista an buɗe ta kafin tashoshin su fito.

Maganar Eriya

In an ga maigida ya sayi dikoda mai kyau amma yana ƙorafi, sau tari laifin yana kan rufin ɗakinsa. Analog yana da haƙuri. Ko da guntun ƙarfe ko wayar da aka maƙala a taga, zai ba da wani abu mai kama da hoto, a yi ta kallo cikin yayyafi. Dijital ba shi da wannan haƙuri. Ko dai hoto ya fito tas, ko kuwa ya daskare, ya farfashe gida-gida kamar ɗinkin hula, murya ta riƙa yankewa, daga nan gilashi ya yi baƙi. Tsakanin kyakkyawan hoto da rashinsa gaba ɗaya ɗan taƙi ne ƙanƙane. Saboda haka gidan da a yau yake ganin tasha da yayyafi mai yawa ya san cewa eriyarsa tana bukatar gyara tun kafin ranar canji.

Babu wani abu wai shi eriyar dijital, ko da yake ana rubuta hakan a kwalaye don a ƙara farashi. Eriya ƙarfe ce mai kama saƙo, ba ta san abin da ke cikinsa ba. Abin da ake bukata shi ne ta dace da zangon. Tashoshin dijital na ƙasa suna tafiya a rukunin UHF, wanda eriyarsa take da gajerun haƙarƙari masu yawa. Tsofaffin eriyoyi masu dogayen haƙarƙari an yi su ne don rukunin VHF, inda tashoshin NTA da dama suka daɗe suna watsawa, kamar tasha ta 5 da ta 10 a Legas. Irin waɗannan ba lalle su yi aiki sosai ba. Wanda yake kusa da hasumiya, ƙaramar eriyar cikin ɗaki tana iya isarsa. Wanda yake nesa, ko a kwari, ko bayan dutse, sai ya kafa ta waje, a sama da kwanon rufi, bakinta yana duban inda hasumiyar take. Dubawa ga inda eriyoyin maƙwabta suka fuskanta yakan rage wahala.

Kowace dikoda tana da shafi da ke nuna sanduna biyu, ɗaya na ƙarfin saƙo, ɗaya na ingancinsa. Na biyun ne abin kula. Mutum ɗaya ya hau yana juya eriya a hankali, wani yana ƙasa yana duban sandan, inda ya fi cika sai a ɗaure a nan. A kuma duba waya. Rana da damina suna cinye robarta, ruwa ya shiga ya sa tsatsa, kuma duk inda aka yi mata ƙulli aka naɗe da leda, saƙo yana zuba a wurin kamar ruwa a tulu mai tsaga. Waya guda ɗaya miƙaƙƙiya daga eriya zuwa dikoda ta fi eriya mai tsada da aka haɗa da ruɓaɓɓiyar waya.

Wajibi ne a yi gargaɗi a nan, domin magana ce ta rai. Kada a kafa sandan eriya kusa da wayar wutar lantarki. A auna da ido: in iskar farkon damina ta kayar da sandan nan ta kowace fuska, zai taɓa waya? In zai taɓa, a sake wuri. Kada a hau rufi da jiƙaƙƙen ƙarfe a hannu, kada kuma a tura yaro. In hadari ya taso da tsawa, a zare wayar eriya daga dikoda, a zare ta wuta daga bango. Masu kwanon satalayit su sani cewa ruwan sama mai ƙarfi yakan ɗauke hoto na ɗan lokaci, ya dawo da kansa in hadarin ya wuce. Ba lalacewa ba ce.

Kuɗi, da Masu Neman Na Banza

Lokacin da aka ƙaddamar a Abuja a 2016, an sayar da dikodar FreeTV a kan naira 1,500 saboda rangwamen da gwamnati ta yi, aka kuma sa naira 1,000 a matsayin kuɗin shekara. Waɗannan farashin wancan lokaci ne, kada kowa ya riƙe su ya je yana jayayya da mai kanti. Abin da suke nunawa shi ne manufar shirin, watau tashoshin da jama'a suke kallo kyauta su ci gaba da isa ga talaka ba tare da biyan kuɗin wata-wata ba. Wannan ne bambancinsa da kamfanonin kuɗi irin su StarTimes da GOtv da DStv. Nasu ma dijital ne, mai amfani da su ba zai ga wani canji ba ranar da aka kashe analog, amma ya san in kuɗinsa ya ƙare yawancin tashoshi sukan rufe.

Duk lokacin da aka yi irin wannan sauyi, 'yan damfara sukan fito. Wani zai zo ƙofar gida da jaka da katin wuya ya ce gwamnati ce ta aiko shi karɓar kuɗin rajista. Wani zai ce ya iya buɗe tsohon talabijin ya mayar da shi dijital. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, babu abin da zai ƙara a ciki sai dai ya rage. Wani kuma zai tsoratar da tsohuwa cewa akwatinta ya zama haramtacce, ya saye shi da arha. Maganin duka ɗaya ne. A sayi dikoda a wurin dillalin da aka sani da kanti tsayayye, a nemi irin wadda Hukumar NBC ta amince da ita, a sa mai kanti ya kunna ta a ga hoto, a karɓi rasit da takardar garanti a adana. Wanda aka cuta yana iya kai kukansa ga Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, watau FCCPC, amma ba tare da rasit ba maganarsa ba ta da ƙafa.

Wutar da dikoda take ci ba ta kai ta ƙwan lantarki irin na da ba, saboda haka ƙaramin janareta ko sola suna ɗaukarta. Abin da ke kashe ta shi ne wutar da ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke, da kuma zafi. A kashe ta daga bango in an ɗauke wuta. Kada a ɗora ta a kan tsohon talabijin inda zafi ke fita, kada kuma a lulluɓe ta da ƙyalle don gudun ƙurar hunturu alhali tana aiki.

A babban gida inda kowane ɗaki yake da talabijin, a sani cewa dikoda ɗaya tasha ɗaya take nunawa a lokaci guda. In uwargida tana son wasan kwaikwayo, samari suna son ƙwallo, to kowane akwati sai da tasa. Maigida mai iyali da yawa ya sa wannan a lissafinsa tun da wuri, ya san ta inda zai fara ba tare da an ce ya yi son kai ba. Eriya guda kan iya ciyar da ɗakuna biyu ko uku ta hanyar marabar waya, sai dai kowace rabawa tana rage ƙarfin saƙo. Masu haya a gida ɗaya za su fi samun sauƙi in sun haɗa kuɗi sun kafa eriya ɗaya mai kyau, maimakon sanduna goma a kan rufi ɗaya.

Rediyo kuwa ba ya cikin wannan magana ko kaɗan. Tashoshin FM da na matsakaicin zango da na gajeren zango suna nan yadda suke, kuma ƙaramin rediyon da manomi yake rataya a wuya ba ya bukatar kome.

Wanda ya ga dama ya sayi sabon talabijin don kansa, ya kula da inda tsohon zai ƙare. Gilashin akwati mai ƙaton baya yana ɗauke da dalma mai yawa, guba ce ga jini da ƙwaƙwalwa, musamman ta yara. Cikinsa kuma yana riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an zare shi daga bango. Kada a fasa shi, kada a ƙone shi don a ciri jan ƙarfe, kada a jefa shi a kwata ko kusa da rijiya. In yana aiki, kyautar da shi ga ɗan'uwa tare da dikoda ta fi.

Ranar Kashewa

Sanarwar ranar da za a kashe analog a kowane yanki daga Hukumar NBC take fitowa, ta gidajen rediyo da talabijin na tarayya da na jihohi. Jita-jitar waya da ta tashar mota ba sanarwa ba ce. Mai neman tabbaci ya tuntuɓi ofishin NBC na shiyyarsa, ko ofishin Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta Ƙasa, watau NOA, da ke sakatariyar ƙaramar hukumarsa. Ana roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni, da limamai da shugabannin majami'u, su isar da maganar ga tsofaffi da gwauraye da masu lalura, waɗanda talabijin ne abokin hirarsu kuma ba su da mai hau musu rufi.

Abu na ƙarshe shi ne, sa'ad da aka kashe tsofaffin na'urori, akan sake jera tashoshin dijital a sababbin zanguna. Saboda haka ko gidan da ya riga ya shirya yana iya wayar gari ya ga wasu tashoshi sun ɓace. Ba sai an kira mai gyara ba. A danna maɓallin Menu a rimot ɗin dikoda, a shiga wurin neman tashoshi, a zaɓi nema na kai tsaye, a bar ta ta gama ba tare da an kashe wuta ba. Aikin ba ya wuce 'yan mintoci, tashoshin kuma za su dawo, wataƙila a lambobin da ba nasu na da ba.